Rigar sanyin ɗan wata 14: ido nawa zan ɗora, kuma ya ake saƙa da yaro a gindi?

Maman Ɗan Baba:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu saƙa. Yarona watansa 14, ya fara tafiya. Ina so in saƙa masa rigar sanyi mai maɓalli a gaba da hula kafin hunturu ya kankama. Tsinken saƙa nake da shi lamba 4 da lamba 3.25, na iya saƙar gaba da saƙar baya da ƙari da ragi, amma riga ce ban san lissafinta ba. Ido, wato madaukin zare a kan tsinke, nawa ake ɗorawa? Zare nawa zan saya, kuma wane iri? Sannan masu ƙananan yara, ya kuke yi da su? Da ya ga ƙwallon zare sai ya yi kansa.

Goggon Yara:

Wa alaikumus salam Maman Ɗan Baba, Allah ya raya mana shi. Kafin ki karɓi lissafin ido daga hannun kowa, abu biyu za ki auna: yaron da kuma hannunki. Wata 14 ba awo ba ne, akwai ɗan lukuti akwai siriri.

Ki juya tef ɗin tela ɓangaren santimita, ki zagaya ƙirjinsa ta ƙarƙashin hammata, a kan rigar da zai riƙa sawa a ciki. Yaro tsakanin shekara ɗaya da shekara ɗaya da rabi galibi ana samun 46 zuwa 48. Ki ƙara 8 a kai, saboda motsi da kuma girman da zai yi kafin watan Fabrairu. Kin ga rigar za ta tashi a 54 zuwa 56 ke nan, mu ɗauki 56.

Awon hannu kuwa shi ne gwaji. Ki ɗora ido 30 a tsinke lamba 4, ki saƙa layi ɗaya gaba layi ɗaya baya har ya kai santimita 12, ki rufe, ki wanke shi yadda za ki riƙa wanke rigar, ki shanya a kwance. In ya bushe ki ƙirga ido nawa ne a cikin santimita 10, a tsakiya, ba a gefe ba, don idanun gefe ba su da tabbas. Zare matsakaici a tsinke lamba 4 yakan ba da ido 22 da layi kamar 30. A kan wannan zan ba ki lissafi. In naki ya fito daban ki dawo ki faɗa, kada ki ce ai ido ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Bambancin ido biyu a santimita 10 ya isa ya ƙara wa rigar faɗin santimita biyar ko shida.

Bayan riga: ki ɗora ido 62 da tsinke 3.25, ki yi roba, wato gaba ɗaya baya ɗaya, santimita 3. Ki koma lamba 4 ki miƙe ɗoɗar ba ƙari ba ragi har tsawon ya kai 31. Da ya kai 19 ki ɗaura guntun zare mai wani launi a gefe biyu, nan ne hammata. A sama ki rufe 19 na kafaɗa, ki zuba 24 na tsakiya a babban fil, ki rufe sauran 19.

Gaban riga guda biyu ne, kowanne ido 33. Biyar na bakin gaba ki riƙa saƙa su gaba zalla a kowane layi, su ne wurin maɓalli. Dalilin haka, saƙar layi gaba layi baya nannaɗewa take yi da kanta in ba a tare bakinta ba, kuma guga ba ya maganinta. Akwai wani abu da ke faruwa a nan da mutane ba sa lura sai sun gama: gaba zalla ta fi takurewa a tsaye, sai bakin rigar ya ɗage sama ya fi jikin gajarta. Duk bayan layi 12 ki saƙa waɗannan biyar ɗin su kaɗai, ki juyo ki dawo, sannan ki ci gaba da layin duka. In tsawo ya kai 26, ki zuba ido 8 na ɓangaren wuya a fil, sannan ki rage ɗaya a bakin wuya duk layi biyu har sau 6. Saura 19 daidai da kafaɗar baya, ki kai 31 ki rufe.

Ki fara saƙa ɓangaren da za a ɗinka wa maɓallai, ki sa alamar wurarensu, sannan ki saƙa mai ƙofofi kina kwatantawa. Maɓalli biyar sun isa: na farko santimita 1.5 daga ƙasa, sauran tazarar 6.5, na ƙarshe a jikin wuya. Ƙofar maɓalli ba wuya, a cikin ido biyar ɗin nan ki saƙa biyu, ki naɗa zare sau ɗaya a tsinke, ki haɗe biyu su zama ɗaya, ki saƙa na ƙarshe.

Hannu: ido 38, roba santimita 3, sannan ƙari ɗaya a farkon layi ɗaya a ƙarshe duk layi 6, sau 8, ya zama 54. Ki kai tsawon 21 ki rufe sakwa-sakwa. In kika ɗaure rufin nan, hannun zai riƙe yaro a hammata ya kasa ɗaga hannu. Ki haɗa kafaɗu tukuna, ki shimfiɗa rigar, ki sa tsakiyar hannu a kan ɗinkin kafaɗa, gefensa su sauka a kan alamun nan biyu, sannan ki ɗinke gefen riga da ƙarƙashin hannu a tafiya ɗaya. Wuya kuma ki tsinci ido da tsinke 3.25: 8 na fil, kamar 13 a gangaren, 24 na baya, 13, sai 8, ki yi roba layi 6.

Hula: kan yaro a wannan shekarun yana kai 46 zuwa 47, hular kuwa dole ta gaza kan da santimita 3 don ta kama. Ido 98, biyu na ɗinki ne. Roba santimita 4, ki miƙe har 11 da rabi, ki raba 96 ɗin gida takwas, ido 12 kowane gida, ki riƙa haɗe biyun ƙarshen kowane gida duk layi biyu har saura 48, daga nan kowane layi har saura 8. Ki zura zare a ciki ki tsuke.

Zare giram 150 zuwa 200 yana yin rigar, ki sayi 250 har da hula, kuma a rana ɗaya, a shago ɗaya, ki duba lambar rini a jikin takardar ta zama iri ɗaya. Shuɗin da ya yi kama a cikin shago, in an fito rana sai ki ga layi ya raba riga biyu. In kina tsoron kada ya gaza, ki auna nauyin bayan in kin gama: riga duka kamar ninkinsa uku ce da ɗan ɗoriya.

Uwar Biyu:

Goggo ta gama magana a kan awo, lissafinta kuma daidai yake. Inda na saɓa mata shi ne tsarin. Yaron da yake girma kullum, ni na fi ganin a faro masa riga daga wuya a gangaro ƙasa a kan tsinke mai waya, wato gajerun tsinkaye biyu da waya ta haɗa, mai tsawon santimita 60 ko 80. Ana iya gwada masa tun tana kan tsinke, in baɗi ta yi masa gajarta a warware robar ƙasa da ta hannu a ƙara tsawo, kuma ɗinki kusan babu.

A kan ido 22 ɗin nan: ki ɗora 68, ki yi robar wuya, ki raba 13 gaba, 10 hannu, 22 baya, 10 hannu, 13 gaba, da alama huɗu a tsakani. Duk layin fuska, wato ɓangaren waje na rigar, ki ƙara ɗaya kafin kowace alama da ɗaya bayanta, takwas ke nan a layi. Sau 18 za ki yi, idanu su zama 212. Ki zuba 46 na kowane hannu a zare ki ajiye, ki ɗora sababbi 4 a kowace hammata, jiki ya zama 128, ki gangara santimita 16 da roba 3. Hannu kuma 46 da 4 na hammata, ragi biyu duk layi 8 har 38.

Maganar yaro kuwa, tsinke mai waya ya fi kwanciyar hankali ko da tsarin Goggo za ki bi, don ana saƙa zuwa da dawowa a kansa kamar tsinke biyu. Dogon tsinke yana leƙowa ta gefen gwiwar hannunki daidai tsayin idon yaron da yake dafa ki ya miƙe. In an bar shi a kan katifa ko kujera kuma yaro ya faɗa kai, ba ƙaramin rauni ba ne. Mai waya gajere ne, yana cikin tafin hannunki, in kin tashi sai ki tura saƙar tsakiyar wayar, ba ta zamewa.

Ki samu robar kastad da aka gama da ita mai murfi, ki huda murfin da ƙusa mai zafi, ki goge bakin hujin ya yi santsi, ki sa ƙwallon zare a ciki ki zaro bakin ta hujin. Zare ba ya birgima a ƙasa ya kwashi ƙurar hunturu, yaro kuma ba ya ganin abin bi. In kin tashi, saƙa da tsinke da almakashi da allura su shiga wata robar a rufe a ɗora bisa kabad. Zare ba na wasa ba ne, kada ki yanka masa guntun zare ki ce ya yi wasa ya ƙyale ki, zare mai tsawo yana naɗe wuya, gajere kuma baki yake tafiya.

Ranar da ya riga ki ya zare tsinken, kuma ranar tana zuwa, kada ki ɗaga saƙar sama. Ki kwantar da ita a ƙasa, ki ɗauki siririn tsinken 3.25 ki tsince idanun ko ta yaya suka hau. A layi na gaba ki gyara zamansu: ƙafar dama ta ido ita ce a gaban tsinke, in ta baya ce idon zai murɗe ya bar tabo. Wanda ya zame ya gangara ƙasa, kwarashi za ki sa ki hauro da shi zare bayan zare. Abin da ya fi wannan sauƙi shi ne duk bayan santimita 5 ki zura siririn zare mai wani launi ta cikin idanun layi guda da allura. Komai warwarar da aka yi, a nan za ta tsaya.

Ki raba aikin gida biyu. Miƙaƙƙen wuri da ba ƙirga, shi ne na lokacin da yake farke yana wasa a gabanki. Wuya, ragi, ƙofar maɓalli da tsintar ido, ki bari sai ya yi barci. Ki riƙa yin ɗan zane a takarda duk layin ƙari, don kiran "Mama" ɗaya ya isa ya ɓatar da lissafi.

Goggon Yara:

Uwar Biyu, tsarinki yana da kyau, amma ki faɗa mata kuɗinsa. Layin ido 62 minti uku ne ga mai matsakaicin sauri. Layin 212 ya kai minti goma, kuma uwar ɗan wata 14 ba kullum take samun minti goma a jere ba. Ajiye saƙa a tsakiyar layi shi ke jawo a dawo a juya ta baya, a bar rami. In dole ta kama, Maman Ɗan Baba, ki tuna zaren da ke zuwa daga ƙwallo yana jikin tsinken hannun dama. Rigar gaba ɗaya aikin awa 16 zuwa 18 ce har da ɗinki. Minti 40 a rana, wata guda ke nan, don haka mai son a sa a Disamba ta fara a Oktoba.

Anti Mai Kwarashi:

Sannunku da ƙoƙari. Ni zare zan taɓa, don nan ne aka fi yin sakaci.

Abin da muke kira ulu a kasuwa, a Sabon Gari ne ko a wani wuri, mafi yawansa ba gashin tunkiya ba ne, zaren roba ne. Ki yanki ɗan guntu ki kusanta shi da ashana a waje: na roba narkewa yake ya dunƙule ya zama baƙin ƙwallo mai tauri, na tunkiya yana warin ƙonannen gashi tokarsa ta murmushe, auduga kuma ta ci kamar takarda. Na roba yana da araha, yana jure wanki, yana bushewa da wuri, kuma ya isa sanyinmu. Aibinsa shi ne wannan narkewar. Lokacin sa rigar sanyi shi ne lokacin kaskon gawayi a ɗaki da jin ɗumi a bakin murhu, yaron da ya fara tafiya kuma ba ya jin bari. In wuta ta taɓa rigar, manne wa fata take yi. Ki sa masa rigar auduga mai dogon hannu a ciki kullum, hannun rigar sanyin ya kama tsintsiyar hannu kada ya yi lilo, kuma kada ya kusanci wuta da ita.

Kafin ki saya ki goga ƙwallon a wuyanki, ba a tafin hannu ba. In ya soke ki, shi zai fi jin sa, ga fata ta bushe da iskar hunturu. Mai dogon gashi-gashi ki bar shi, yana shiga baki da hanci. Siririn nan irin su Yeye in za ki yi da shi a tsinke lamba 4 sai kin riɓa biyu, kuma gwajinki ma a riɓe za ki yi shi. Ja da shuɗi mai duhu ki jiƙa guntu a ruwan ɗumi tare da farin ƙyalle ki ga ko yana zuba, kafin ki haɗa shi da fari a riga ɗaya.

Maɓalli ki zaɓi shimfiɗaɗɗe mai huji, faɗin santimita ɗaya da rabi. Mai ƙafa a baya da masu siffar dabbobi suna danne ƙirjin yaro in an goya shi, kuma su ne suka fi saurin cirewa. Ki ɗinka da zaren ɗinki riɓi biyu, ki bi ta hujin sau shida ko fiye, ki ƙulle a baya, kowane maɓalli da nasa zaren. Bayan kowane wanki ki ja su ɗaya bayan ɗaya. Duwatsun ado da ƙananan beza ba na rigar mai kai komai baki ba ne. Igiya a wuya ko a hula ma haka, tana maƙalewa a hannun ƙofa ko ƙarfen gado. Hular da aka auna daidai ba ta buƙatar igiya. Tuntun saman hula in kina so, ki ɗaure tsakiyarsa tamau, ki finciki gashinsa ki gani, in yana fita ki cire shi.

Sabon zare a gefen layi ake haɗa shi, ba a ƙulla shi a tsakiya ba. Ki bar jela santimita 10, daga baya ki saƙala ta cikin ɗinki da allura mai dakusasshen baki, ki je ki dawo, ki yanke. Ki juya cikin hannun riga ki duba kada a bar zare yana reto. A safa wannan ya fi muhimmanci: zare ɗaya yana iya naɗe yatsan ƙafa ya hana jini gudu, yaro ya yi ta kuka ba a san dalili ba. Shi da yake tafiya ma, safar saƙa a kan tayil santsi ce, ki bar ta sai in da takalmi.

Sanyin hunturu na asuba da dare ne, in ba a Jos kike ba. Da hantsi ya ɗaga ki cire masa. Ki riƙa taɓa ƙeyarsa ko ƙirjinsa, ba hannu ba, don hannun yaro yakan yi sanyi ko da jikinsa da ɗumi. In ƙeya ta jiƙe, kaya sun yi yawa, daga nan sai ƙurajen zafi. In za a goya shi da zani ga mayafi a sama, rigar ciki ta isa. Barci a ɗaki kuma ba da hula ba.

Wanki: ruwa mai ɗan ɗumi, sabulu kaɗan, a matsa a hankali ba a cuɗa ba, ba a murɗe ba. Wuyan riga ne ke tara man shafawa da ƙura, ki shafa masa sabulu ki bar shi minti goma. Ki naɗe rigar a tawul ki danne, ki shimfiɗa a inuwa. In kika rataya ta a igiya tana ɗigar ruwa, nauyin ruwan zai ja ta ta yi tsawo kafaɗu su zube. Dutsen guga kada ya taɓa ta, zaren roba in ya ji zafi yakan saki ya yi laƙwas, kuma ba ya komawa.

Maman Ɗan Baba:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Goggo, ƙirjinsa 47 ne, kansa 46. Na yi gwajin da zare riɓi biyu, bayan wanki ido 20 na samu a santimita 10, layi 27. In sauya tsinke ne ko in sauya lissafi? Tsarinki zan bi, amma a kan mai waya kamar yadda Uwar Biyu ta ce.

Goggon Yara:

Ki ɗaga gwajin ki duba shi a haske. In ba ya nuna ramuka, kuma yana da laushi yana lanƙwasa, ki bar tsinkenki ki sauya lissafi. Zare riɓi biyu in aka matse shi a ƙaramin tsinke tauri yake yi, yaro ya ƙi sawa.

A kan ido 20: baya 56, kafaɗa 17 kowane gefe, wuya 22. Gaba 30 kowanne har da biyar na maɓalli, a wuya ki zuba 8 a fil ki rage ɗaya sau 5. Hannu ki faro da 34, ƙari duk layi 6 sau 7, ya zama 48. Hula 90, wato gida takwas na ido 11 da biyu na ɗinki, ragin duk layi biyu har saura 48 sannan kowane layi. Tsawo duk yana nan yadda na faɗa, da tef za ki bi shi ba da ƙirgen layi ba, kuma ki auna a shimfiɗe a ƙasa, ba a kan cinya ba. Riɓi biyu ya fi cin zare, ki ƙara giram 50 a kan abin da na ce. In kin kai santimita 8 a bayan, ki tura saƙar tsakiyar waya ki auna faɗin: 28 ake nema, in ya wuce 29 hannunki ya saki bayan gwaji, ki warware tun yanzu ki rage ido biyu.